Ƙuri'ar Waken Farfesa Mamuda

A bakin tashar Anka akwai wani shago mai ƙofar langa-langa inda Mamuda yake gyaran rediyo. Gyaran dai sai a hankali, domin rediyon da ya shigo yana tari yakan fita bebe. Amma a fagen siyasa babu mai ja da shi, ko in ce babu mai lokacin ja da shi. Shi ya laƙaba wa kansa Farfesa, ya sayi fenti ja ya rubuta a jikin ƙofa. Babu zaɓen da aka taɓa yi a duniya wanda bai hango sakamakonsa ba, sai dai hangen nasa yakan fito ne washegarin ranar da aka faɗi sakamakon.

A ƙarshen shekarar 2006 wata ƙaramar jam'iyya mai alamar ludayi ta sa ranar zaɓen fid da gwani na ɗan takarar shugaban ƙasa a Abuja. Mutum biyu ke nema. Akwai Injiniya Mas'ud, siriri mai tabarau, wanda in ya saki Turanci sai Turawa sun nemi tafinta. Akwai kuma Alhaji Kamilu Mai Tireloli, ƙaton mutum da ake cewa kujera biyu yake saya in zai hau jirgi. Deliget uku jam'iyyar take da su a yankin, kuma sun yi alkawarin zuba ƙuri'unsu wuri ɗaya. Surajo na Bukkuyum ya kafe a kan Mai Tireloli. Hajiya Lubabatu, shugabar mata ta Gummi, ta rantse sai Injiniya. Saura Alhaji Yahaya, dillalin hatsi a Anka, wanda raba gardamar ta faɗo a kansa har ya fara ramewa.

Wata safiya Alhaji Yahaya ya turo babur ɗinsa wurin Rabe mai faci, maƙwabcin shagon Mamuda. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi tagumi.

"Ni ba wanda ya fi kirki nika nema ba, Rabe," in ji shi. "Wanda ka iya cin babban zaɓe nika nema. In munka tsai da wanda za a kayar, mun tahi Abuja a banza."

Rabe ya tsoma tif a ruwa yana neman huji. "Ɗaya na da kuɗi, ɗaya na da ilimi. Alhaji, ka zaɓi abin da ka rasa."

Sai ga Mamuda ya leƙo, sukundireba a bayan kunne.

"Alhaji, kana zaune kusa da asibiti kana tambayar mai faci magani? Saurara. Injiniya tabarau gare shi. In ya hau dandamali rana ta bugi gilashi, jama'a ba su ganin idonai. Wanda ba a ga idonai ba, ba a yarda da shi. Ya rasa Arewa ke nan."

"Ashe Mai Tireloli ne," in ji Alhaji, ya fara miƙewa.

"Zauna! Mai Tireloli fuskatai ba ta shiga fosta sai an yanke kunne guda. Mutanen Kudu kuwa, na bincika, ba su taɓa zaɓen mai kunne guda ba."

"To wa ka ci?"

"Nan ilimi ya shigo." Mamuda ya jawo benci. Ya ce Turawa suna da wata dabara da suke kira ƙuri'ar jin ra'ayi. Ba sai an tambayi ƙasa duka ba, kamar yadda Alhaji ba ya zazzage buhu kafin ya san gero, tsinke ɗaya yake sokawa. Shi zai soka tsinkensa a kasuwa uku, Anka da Bukkuyum da Gummi, ya kawo musu sunan wanda zai ci babu kuskure ko na ƙwaya ɗaya.

Rabe ya ce, "Rediyon Innata wata huɗu yana wurinka, ba ka gano inda waya ta tsinke ba. Ƙasa guda za ka gano?"

"Rediyon Innarka ya girmi Najeriya."

Alhaji Yahaya dai ya riga ya gaji da tunani. Ya ce ranar kasuwar Gummi deliget ukun za su haɗu a ƙofar gidan Hajiya Lubabatu, daga nan bas ta wuce da su Abuja. In Mamuda ya kawo amsa, akwai kujera ɗaya a bas ɗin, kuma za a gabatar da shi a matsayin mai ba su shawara. Mamuda bai taɓa wuce Funtua ba. Ya koma shago ya sallami duk rediyoyin da idanu.

A gida ya tarar da matarsa Habsu tana tankaɗe. Ya wuce ɗaki ya fito da gora biyu masu ƙaramin baki, iri ɗaya kamar tagwaye, da ƙullin wake tiya uku.

"Malam, ina za ka da irin shukata?"

"Aikin ƙasa za shi yi. Kowace ƙwaya mutum guda ce."

"Wanga wake daga Inna ya hito, babu irinai a kasuwa. In damina ta zo, mutanen zan shuka?"

"Habsu, in na dawo daga Abuja, ke da noma sai dai ki gani a talabijin."

"Wane talabijin? Wanda ka gyara?"

Bai tsaya ba. Ya dama ƙullin koko ya liƙa fostar Injiniya a gora ɗaya, ta Mai Tireloli a ɗayar, ya nufi kasuwar Anka. Ya kafa teburi kusa da 'yan daddawa ya fara shela: kowa ya karɓi ƙwayar wake ɗaya ya jefa a gorar wanda yake ganin zai iya cin zaɓe.

Ta farko da ta matso Goggo ce mai daddawa. Ta duba hotunan ta girgiza kai.

"Allah sarki. Yaushe sunka ɓata?"

"Ba cigiya ba ce, Goggo. Shugaban ƙasa za su nema."

"Su biyun? To a ba mai ƙibar. Ya riga ya ƙoshi, ba shi cin namu da yawa."

Wani mai sayar da igiya ya ce ina, wanda ya saba ci da yawa cikinsa ya riga ya buɗe, gara siririn. Wani ya ce siririn ne abin tsoro, don ba a san zurfin ramin ba. Kan ka ce me gardama ta kaure, ana nuna hotuna da yatsa. Goggo ta karɓi ƙwayarta ta ƙulle a bakin zane, ta ce sai ta yi shawara da 'ya'yanta.

Can ƙarshen kasuwa labari ya isa cewa 'yan siyasa suna rabon wake. Mata suka yo ca da kwanuka, wasu da buhu. Da ta gaba ta miƙa kwano Mamuda ya ɗora mata ƙwaya ɗaya, sai ta tsaya tana kallonta.

"Ƙwaya guda? Tun ba su hau ba?"

"Ba ci za ki yi ba, jefawa za ki yi a gora."

"Au, kuma in mayar musu?"

Aka yi ta tsine wa 'yan takarar biyu har iyayensu. Mamuda yana tsakiyar bayani da hannu biyu, wata akuya ta zagayo ta bayan teburi, ta ji ƙanshin koko, ta sa harshe ta naɗe fuskar Injiniya tun daga haɓa har goshi. Abin da ya rage hula ce da kafaɗa ɗaya.

Abin mamaki, daga nan ƙuri'un Injiniya suka fara hawa. Mutane suka ce wannan da babu baki ai ba zai yi musu ƙarya ba. Rabe, wanda ya rufe faci ya zo kallo, ya ce, "Farfesa, ba kai ka ce wanda ba a ga idonai ba ba a yarda da shi ba?"

"Na ce in da tabarau. Akuya ta cinye tabarau. Ka riƙa saurare."

Washegari ya ɗaure gorunan a bayan babur ya kama hanyar Bukkuyum. Babu wata fostar Injiniya a hannunsa, amma wannan bai dame shi ba, don ya ce zane ma yana cikin abubuwan da Allah ya hore masa. Ya sami kwali da gawayi a bakin kasuwa ya durƙusa. Ya zana tabarau suka fito kamar idanu biyu da suka yo waje. Ya zana kunnuwa suka fi kan faɗi. Wani jaki ya yi kuka a bayansa, hannunsa ya goce, layuka uku suka sauka a kumatu kamar tsage. Ya tofa yawu ya goge, wurin ya zama gemu. Ya ɗaure kwalin a wuyan gora ya ja da baya yana yaba kansa.

Mutum na farko da ya tsaya ya dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Baba Tsoho!"

Tsoho shi ne sarkin fawan kasuwar, dattijo mai manyan idanu da faffaɗan kunnuwa, wanda bai taɓa auna wa maraya nama bai ƙara masa tsoka ba. Kafin Mamuda ya buɗe baki, kasuwa ta ɗauka cewa Baba Tsoho ya fito takarar shugaban ƙasa. Layi ya miƙe har wurin 'yan kaji. Wani ya jefa ya cire hula ya dawo, ya jefa ya juya riga ya sake dawowa. Mamuda ya so ya yi gyara, amma da ya ji yadda gora take ƙara nauyi sai ya ga ai fitowar jama'a ita ce alamar aikin masana.

Surajo deliget ya iso a fusace. "Malam Mamuda, wanga ba Injiniya ba ne! Maguɗi kake yi wa ɗan takarata a garinmu?"

"Injiniya ne. Haka yake in bai yi aski ba."

Sai taro ya dare. Tsoho ya taho da kansa, wuƙa a ɗamara, jini a gefen riga. Ya tsaya a gaban kwalin ya daɗe yana kallo. Ya shafa kunnensa na dama, ya shafa na hagu.

"Wa ya sa ni takara ban sani ba?"

Mamuda ya dubi wuƙar. "Jama'a ne, Baba."

Idanun Tsoho suka kawo ruwa. "Shekara arba'in ina fiɗa a wagga kasuwa, ban san haka anka ɗauke ni ba. To, ba ni watsa wa jama'a ƙasa a ido. Yaushe za a faɗi sakamako?"

"Jibi, a Gummi," in ji Mamuda, muryarsa kamar ta rediyon da batir ya ƙare wa.

Tsoho ya kwance kwalin da hannunsa ya rungume, ya ce wannan a rumfarsa zai kwana. Makaɗan mahauta suka ɗauki kalangu. Mamuda ya tattara kayansa ya bar garin ba sallama.

Don kada ya haɗu da kowa, ya bar titi ya bi wata 'yar hanya da ya ce ya sani tun yana yaro. Hanyar ta kai shi wani mashigi. Wani Bafulatani da ke shayar da shanu ya ce masa ya sauka ya tura, tsakiyar akwai rami.

"Na san ruwan nan kafin a haifi shanunka," in ji Mamuda, ya murɗa mai.

Bafulatanin ne ya jawo shi da sanda, sannan suka jawo babur, sannan suka bi gorunan da gudu a gefen ruwa. An same su sun sha sun ƙoshi. Fostar Mai Tireloli kuwa ta riga ta yi gaba, tana juyi a kan ruwa da kunnenta ɗaya. Mamuda ya tsiyaye ruwan ta tsakanin yatsu, ya toshe bakunan da tsumma, ya ajiye su gefe da gefe. Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Babu hoto, babu alama, babu abin da ya raba su.

"Lafiya?" in ji Bafulatanin.

"Lafiya lau. Na san kowacce da fuska."

Babur ya ƙi tashi. Da turi ya isa Gummi, ya sauka a gidan surukansa, ya cusa gorunan a ɗaki mai ɗumi kusa da madafa, ya rufe su da bargo don kada wani ya yi masa maguɗi. Kwana biyu suna nan. Mutanen Gummi kuwa, tun da babu hotunan da zai nuna musu, ya zauna a bakin titi ya ƙare musu kallo, ya ce ya karanta ra'ayinsu a tafiyarsu.

Ranar kasuwa da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Hajiya Lubabatu. Bas tana tsaye an ɗaure jakunkuna a sama. Alhaji Yahaya ya iso daga Anka, Rabe ya biyo shi, Habsu ma ta roƙi wuri ta ce za ta gai da Inna. Surajo yana gefe ya haɗe rai. Matan jam'iyya sun cika zaure, 'yan kallo sun hau katanga.

Mamuda ya fito da babbar rigar surukinsa, gora ɗaya a kowace hammata. Ya yi jawabi na rabin sa'a a kan yadda ake yi a Amurka. Sannan ya sa aka kawo faifai biyu, ya zare tsumma, ya kifa gorar farko.

Babu abin da ya fito sai wani tsami da ya sa na gaba-gaba suka ja baya.

Ya girgiza. Shiru. Ya bubbuga gindin. Shiru. Ya leƙa da ido ɗaya, wani farin tsiro ya leƙo shi.

"Farfesa," in ji Rabe, "masu zaɓe sun ƙi hitowa."

"Sirrin ƙuri'a ke nan. Kai mi ka sani?"

Ya ɗaga gorar sama ya maka ta a kan dakali. Ta tarwatse. Wake ya kumbura ya cure wuri ɗaya kamar tubali, wani ya saɓule riga, wani ya rabe biyu, wani ya fid da saiwa ya riƙe na kusa da shi. Ya fasa ta biyun, ita ma haka, sai dai tulin bai kai rabin na farko ba.

Hajiya Lubabatu ta toshe hanci da mayafi. "Malam, wanda ya rabe biyu, mutum guda ne ko biyu? Wanda ya tsira fa, da iyalinai za a lissafa?"

"Bar wannan, Hajiya," in ji Surajo. "Ya faɗa muna wace gora ce ta wa."

Mamuda ya ɗauki ɓallen ƙaramar ya shinshina. "Wagga warin mai take. Ta Mai Tireloli ce."

Rabe ya ɗauki ɓallen babbar ya shinshina. "Wagga ma warin mai take. Tankin babur ɗinka ka yoyo."

"Wancan warin fetur ne, wannan na gas. Hancin faci bai rarrabewa." Mamuda ya juya ga jama'a ya ɗaga hannu. "Da ikon da ilimi ya ba ni, ina shaida muku babban tuli na Injiniya ne. Shi ka iya cin zaɓe!"

Matan zaure suka rangaɗa guɗa. Surajo ya yi tsalle yana ihun bai yarda ba. Ana cikin haka sai aka ji kalangu daga bakin titi. Wata a-kori-kura ta shawo kwana cike da mahautan Bukkuyum, an ɗaure kwalin nan a kan doguwar sanda kamar tuta. A gaba Tsoho ne zaune, ya sha rawani da alkyabbar aro.

Ya sauko a hankali yana ɗaga wa mutane hannu. Ya tsaya a kan tulin waken.

"Yaro, an ƙirga?"

"An... ana kan hanya, Baba."

"Wanga babban tuli, daga wace gora ya hito?"

Hajiya Lubabatu ta ce, "Ta Injiniya. Yanzu ya faɗa."

Surajo ya daina ihu. Wani murmushi ya bazu a fuskarsa. "Gorar Injiniya, Baba, ita ce wadda anka ɗaura wa hotonka. Ni shaida ne."

Kalangu ya ɓarke. Hajiya ta dubi kwalin, ta dubi Tsoho, ta dubi Mamuda.

"Kai! Ƙuri'un ɗan takarata na wanga tsoho ne?"

"A'a, Hajiya, wato... in an duba da kyau, kamar babban tulin na Mai Tireloli ne."

Kalangu ya tsaya cak. Mahauta goma sha biyu suka diro daga mota.

"Wato Baba ya faɗi?" in ji na gabansu, yana naɗe hannun riga.

"Bai faɗi ba! Wa ya ce ya faɗi?"

"To wa ya ci?" in ji Alhaji Yahaya. "Mamuda, kwana uku ina jiranka. Suna guda nika so."

Mamuda ya dubi Hajiya da matanta, waɗanda suka fara cire takalma. Ya dubi Surajo. Ya dubi mahauta, ya ga babu wanda ya baro kayan aikinsa a gida. Gumi ya jiƙa rigar surukinsa. Ya matsa a hankali, ya kama hannun Tsoho, ya ɗaga shi sama.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mahauta suka ɗaga Tsoho a kafaɗa suka zagaya bas sau uku. Wani takalmi ya tashi daga zaure ya sami Mamuda a ƙeya. 'Yan kan katanga suna dariya har ɗaya ya faɗo cikin kwata. Alhaji Yahaya ya kakkaɓe rigarsa ya ce shi ya gama shawara: duk wanda ya fara gaishe shi a Abuja, shi zai jefa wa. Hajiya da Surajo suka ce wannan ya fi hankali a kan duk abin da aka ji yau.

Mamuda ya lallaɓa zai shiga bas, ya tarar Tsoho ya riga ya zauna a kujerar, kwali a cinya.

"Baba, nan wurina ne."

"Wanda ya ci ka tahiya, ko wanda ya ƙirga?"

Bas ta tashi. Habsu ta durƙusa ta kwashe waken a faifai, da ta gama ta ɗora masa a ka, ta ce ya wuce gaba su je ya yi wa Inna bayani da bakinsa, da Turancin Amurka in ya ga dama.

A Abuja masu gadi ba su bar Tsoho ya wuce ƙofa ba. Bai damu ba. Ya zagaya wurin masu tsire ya gyara musu yanka, ya dawo yana cewa ya duba ma'aikata. Mai Tireloli ne ya ci zaɓen fid da gwani, a babban zaɓe kuma ƙuri'un da ya samu a jiharsu duka ba su cika tiya ɗaya ba.

Tsoho bai yarda da wannan labari ba, don shi a gaban jama'a aka ɗaga hannunsa. Duk ranar kasuwar Anka sai ya turo mahauta biyu da makaɗi ɗaya su tambayi Farfesa ranar rantsarwa. Mamuda ya ce bayan salla. Salla ta wuce, ya ce bayan damina. Damina ta wuce, ya ce takardu suna kotu. Daga baya ya daina cewa komai. In kalangu ya taso daga bakin tasha, ko da na biki ne, sai ka ji ƙofar langa-langa ta rufe garam, wata murya daga ƙarƙashin teburi tana cewa, "Rabe, ka ce musu na tahi Abuja."